Mai Haƙa Rijiya da Mai Turawa: Alhakin Manyan Kamfanonin Fasaha a Gaban Alƙali

Daga cikin tsofaffin tambayoyin da malaman fiƙihu da masana falsafar ɗabi'a suka daɗe suna juyawa akwai tambayar wanda ya kamata a ɗora wa alhakin ɓarna idan ta bi ta hannaye da yawa kafin ta isa ga wanda ta cutar, kuma ita ce ta dawo a yau cikin shari'o'in da ake yi da manyan kamfanonin fasaha irin su Meta, mai Facebook da Instagram da WhatsApp, da Google, mai YouTube, da kuma TikTok. Wani ne yake rubuta ƙarya, wani ya yaɗa ta, wani ya ɗauki makami, alhali kamfanin da ya shimfiɗa dandalin, ya tsara yadda magana za ta zagaya a cikinsa, yake kuma karɓar kuɗin talla gwargwadon lokacin da jama'a suka ɓata suna kallo, yana can wata nahiya bai taɓa kowa da hannunsa ba. Kotu kuwa tana buƙatar suna a kan takardar ƙara, da aikin da mai sunan ya yi ko ya ƙi yi, da igiyar da ta haɗa aikin da cutar. Kaɗa wannan igiya aiki ne mai cin shekaru, kuma mafi yawansa yana faɗawa a wuyan lauyoyi masu tasowa waɗanda ba a cika jin sunayensu ba, don haka tambayar alhakin kamfani da tambayar ƙimar aikin waɗannan matasa ba sa rabuwa.

Fiƙihu ya raba masu jawo ɓarna gida biyu. Akwai mubashiri, wato wanda ya aikata ɓarnar kai tsaye, kamar wanda ya yanka ko ya ƙona, akwai kuma mai sababi, wato wanda ya samar da abin da ɓarnar ta biyo ta kansa ba tare da ya aikata ta da kansa ba. Malamin Malikiyya Shihabuddin al-Ƙarafi, wanda ya rasu a Masar a 1285, ya ƙidaya dalilan lamuni, ma'ana wajabcin biyan abin da aka ɓata, guda uku a littafinsa al-Furuƙ: lalatawa kai tsaye, da zama sanadin lalacewa, da ɗora hannu a kan abin wani ba bisa amana ba. Misalin da littattafai suka fi kawowa shi ne na mutumin da ya haƙa rijiya a kan hanyar jama'a ba da haƙƙi ba. Idan dabba ta faɗa da kanta, mai haƙa ne zai biya, amma idan wani ya zo ya tura ta, hukunci yana komawa kan mai turawa, domin aikinsa na ganin dama ya shiga tsakanin haƙar da mutuwar. Kundin Majalla na Daular Usmaniyya ta Turkiyya, wanda aka tsara tsakanin 1869 da 1876, ya mayar da wannan ƙa'ida doka rubutacciya, inda ya gabatar da mubashiri a kan mai sababi duk lokacin da suka haɗu.

Kariyar da kamfanonin fasaha suke fakewa da ita a Amurka tana da wannan siffa, ko da yake ta fito daga wata al'adar shari'a dabam. Sashe na 230 na dokar sadarwa ta 1996 ya hana a ɗauki mai dandalin intanet a matsayin mawallafi ko mai furta maganar da wani ya sa a dandalin, kuma tun daga shari'ar Zeran da kamfanin AOL a 1997 kotuna suka fassara sashen da faɗi, har ya zama kamfani ba ya ɗaukar alhaki ko da an sanar da shi cewa maganar ƙarya ce ya yi jinkirin cire ta. A watan Mayun 2023 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci da murya ɗaya a ƙarar da dangin wani da aka kashe a harin gidan rawa na Reina a Santambul, a ranar 1 ga Janairun 2017, suka shigar da Twitter da Google da Facebook, inda Mai Shari'a Clarence Thomas ya bayyana cewa samar da dandali ga kowa da kowa, wanda 'yan ƙungiyar IS suka yi amfani da shi kamar yadda biliyoyin mutane suke yi, bai kai matsayin taimaka wa ta'addanci ba. Wannan hujja tana da ƙarfi, kuma bai kamata a raina ta ba, domin al'ummar da za ta kama maƙeri da laifin duk wanda aka soka da wuƙarsa ba za ta daɗe da maƙera ba. Wanda ya harbi mutum shi ne mai kisa, kuma duk wata falsafar da za ta sauƙaƙa masa laifi ta hanyar rarraba shi ga na'urori da kamfanoni ta ɓata ma'anar zaɓin ɗan Adam.

Sai dai malaman da suka kafa ƙa'idar gabatar da mubashiri ba su bar ta a sake ba. Muhtasar na Shaihu Halil, wanda alƙalan ƙasar Hausa suka yi ƙarnoni suna hukunci da shi, ya nuna cewa idan an haƙa rijiyar ne domin wani mutum ayyananne, to mai haƙa da mai turawa daidai suke, kuma a babin ƙisasi ya haɗa mai tilastawa da wanda aka tilasta a hukunci guda. Haka nan shaidun zur da suka janye bayan an zartar da hukunci su ne suke biyan abin da aka rasa, alhali alƙali ne ya furta hukuncin. Abin da ya fi waɗannan duka kusa da zamanin nan shi ne matsayin Malikiyya game da bari, wato ƙin aikata abin da mutum yake da iko a kansa: wanda ya ga rai ko dukiya za su halaka, yana da ikon ceto da hannunsa ko da shaidarsa ko da takardar da take wurinsa, ya ƙi, ana lamuntar da shi, haka ma wanda ya hana mabuƙaci rarar abinci ko ruwa har ya mutu. A nan mazhabar ta yi nisa fiye da dokar Ingila da Amurka, wadda a asalinta ba ta wajabta wa mutum ceton baƙon da ba shi da wata alaƙa da shi. Abin da ya tattaro waɗannan mas'aloli shi ne sani da iko, domin a duk inda mai sababi ya san inda cutar ta nufa, kuma yana iya tare ta da ɗan ƙaramin ƙoƙari, shigowar hannun wani ba ta wanke shi.

A kan wannan ma'auni ya kamata a auna shari'ar Farfesa Meareg Amare, malamin kimiyyar sinadarai a Jami'ar Bahir Dar ta ƙasar Habasha, ɗan ƙabilar Tigray, wanda 'yan bindiga suka harbe a ƙofar gidansa ranar 3 ga Nuwamban 2021, lokacin yaƙin arewacin ƙasar. Bisa ga abin da takardun ƙara suka ƙunsa, makonni kafin kisan an wallafa hotonsa da sunansa da wurin aikinsa da unguwarsa a Facebook tare da zarge-zargen da suke ingiza mutane a kansa, ɗansa Abrham ya yi ta kai rahoto ta hanyar da kamfanin ya tanada, amma ba a cire rubutun ba sai bayan an riga an kashe shi. A Disamban 2022 Abrham da Fisseha Tekle, wanda ya yi aikin bincike da ƙungiyar Amnesty International, da cibiyar Katiba ta Kenya suka kai Meta Babbar Kotun Nairobi, lauya Mercy Mutemi tana tsaya musu, ƙungiyar Foxglove ta Landan tana dafa musu baya. Kamfanin bai yarda da zargin ba, ya kuma yi jayayya cewa kotun Kenya ba ta da hurumi a kansa, sai a Afrilun 2025 kotun ta ce tana da shi. Ba wanda ya ce Meta ne ya riƙe bindigar. Abin da ake nema a tabbatar shi ne cewa an faɗa wa mai dandalin sunan mutum guda da yake cikin haɗari, goge rubutun kuwa ba ya ɗaukar minti ɗaya, kuma ba a yi ba, wanda shi ne ainihin abin da babin bari yake magana a kai.

Akwai kuma wurin da misalin rijiya da kansa yake gazawa, domin rijiya ba ta zaɓar wanda zai bi ta gefenta. Dandalin zamani yana aiki da abin da ake kira algoridim, wato jerin lissafin da yake nazarin abin da kowane mutum ya tsaya a kansa, ya zaɓo masa abu na gaba daga cikin miliyoyi, kuma an gina shi ne domin ya ƙara tsawon zaman mai kallo. Kamfanonin da kansu sun yi hujja a gaban Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar NetChoice ta 2024, cewa wannan zaɓe da jerantawa maganarsu ce wadda tsarin mulki yake karewa daga katsalandan na gwamnati. 'Yan makonni bayan hukuncin wannan shari'a, a Agustan shekarar, wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta kama su da bakinsu a shari'ar wata yarinya 'yar shekara 10 da ta mutu tana kwaikwayon wasan shaƙe numfashi da TikTok ya kawo mata a shafinta, inda ta ce idan zaɓen maganar kamfani ce wajen neman kariya, to maganarsa ce wajen ɗaukar alhaki, kuma Sashe na 230 bai rufe ta ba. Malaman fiƙihu sun san wannan tunani a ƙa'idar da take haɗa cin riba da ɗaukar asara, wadda ta hana mutum ya mallaki abu ranar amfani ya yi watsi da shi ranar biya.

Idan sani shi ne ginshiƙi, to tambaya ta gaba ita ce yadda ake cewa kamfani ya sani, alhali kamfani ba shi da zuciya guda. Masanin siyasa Dennis Thompson ya kira wannan matsalar hannaye da yawa a 1980, yana nufin yanayin da aiki yake rarrabuwa tsakanin ma'aikata har kowannensu ya iya cewa da gaskiya ba shi ya yi ba, kuma Helen Nissenbaum ta nuna a 1996 cewa tsarin kwamfuta yana ƙara wa matsalar tsanani. A nan ne aikin ƙaramin lauya yake da nauyin da ya fi muƙaminsa. A tsarin shari'ar Amurka akwai matakin tono hujjoji, inda ake tilasta wa kowane ɓangare ya miƙa wa abokin shari'arsa takardun cikin gida da suka shafi ƙarar, kuma a manyan shari'o'i suna kai miliyoyin shafuka. Sabbin lauyoyi ne suke zama watanni suna karanta wasiƙun imel da rahotannin bincike da bayanan taruka, suna neman ranar da wani injiniya ya yi gargaɗi da ranar da wani shugaba ya karanta gargaɗin ya zaɓi riba. Aiki ne mai gundura wanda ba ya kawo suna, amma shi ne yake tattara guntayen sanin da suka warwatsu a ofisoshi ya mayar da su sani guda da za a iya jingina wa mai suna guda. Takardun da Frances Haugen, tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, ta fitar a 2021 sun nuna cewa kamfanin ya yi nasa binciken kan illar Instagram ga wasu 'yan mata matasa, kuma bayan haka ne jihohin Amurka fiye da 40 suka kai Meta kotu a Oktoban 2023.

Wani lokaci matashin ba ya jiran a ba shi aiki. Max Schrems yana ɗalibin shari'a ɗan ƙasar Ostiriya a 2011 ya nemi Facebook ya ba shi duk bayanan da yake riƙe da su a kansa, aka aiko masa da shafuka sama da 1,200, kuma ƙorafin da ya shigar daga baya ya sa Kotun Tarayyar Turai ta rushe yarjejeniyar tura bayanan Turawa zuwa Amurka har sau biyu, a 2015 da 2020, kafin a ci Meta tarar yuro biliyan 1.2 a 2023.

A Nairobi kuma tambayar ta zo ta fuskar ƙwadago. Masu tace abubuwan da ake wallafawa, waɗanda aikinsu shi ne kallon bidiyon yanka da fyaɗe da ƙunar baƙin wake domin sauran jama'a kada su gani, kamfanin Sama ne ya ɗauke su a madadin Meta, kuma a cikinsu akwai 'yan Najeriya da suke tace abin da aka rubuta da Hausa. Daniel Motaung, ɗan Afirka ta Kudu, ya shigar da ƙara a 2022 kan yanayin aikin da taɓin hankalin da ya ce ya bar masa, sannan wasu kimanin 185 suka bi sahu a 2023 bayan an sallame su. Amsar Meta ita ce ba shi ne ubangidansu ba, kuma ba shi da rajista a Kenya, wato dai ya sake neman matsayin mai sababi na nesa, sai Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Kenya ta tabbatar a Satumban 2024 cewa ana iya ƙararsa a ƙasar. Shekara biyu aka ci kafin a amince cewa wanda ake ƙara zai tsaya ya amsa, ba a ma taɓa gundarin maganar ba.

Wannan jinkiri yana da dalili, kuma Marc Galanter ya fayyace shi tun 1974 da ya bambanta masu zuwa kotu kullum da masu zuwa sau ɗaya a rayuwa: na farko suna da lauyoyi na dindindin da kuɗin jira, suna iya sasanta shari'ar da za ta kafa musu mummunan misali su yi yaƙi a wadda za su ci, na biyu kuwa suna tsufa a kan benci. Mutanen Kano sun ga haka a shari'ar gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara kimanin 200 lokacin annobar sanƙarau ta 1996, wadda ba a kai ga sulhun dala miliyan 75 da gwamnatin jihar ba sai a 2009, kamfanin kuma bai amsa laifi ba.

Akwai suka mai nauyi da ake yi wa wannan hanya gaba ɗaya, kuma masu goyon bayanta ba su cika son jin ta ba. Kamfanin da yake tsoron ƙara zai riƙa goge duk maganar da take da ƙamshin rigima, kuma maganar talaka a kan mai mulki ita ce ta farkon tafiya. Gwamnatoci ma suna son kalmar alhaki, domin tana ba su sandar dukan dandalin da ya ɓata musu rai, kamar yadda aka gani lokacin da Najeriya ta dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, matakin da Kotun ECOWAS ta ce ya saɓa wa doka. Amsar da ta fi dacewa ita ce a tsare alhakin a inda malamai suka tsare shi, wato inda aka tabbatar da sani da iko da ƙetare haddi, ko inda cutar ta fito daga ƙirar da kamfanin ya zaɓa da kansa, a bar sauran maganganun jama'a ga masu furta su. Kotu ta fi umarnin minista dacewa da wannan tantancewa, saboda tana sauraron ɓangarori biyu, tana rubuta dalilinta, ana kuma iya ɗaukaka ƙara a kanta.

Mafi wuyar mas'ala ga lauya mai tasowa tana zuwa ne ranar da kamfani ya miƙo tayin sulhu. A Disamban 2022 Meta ya amince ya biya dala miliyan 725 kan badaƙalar bayanan masu amfani da Facebook ta Cambridge Analytica ba tare da amsa laifi ba, adadin da bai kai kuɗin shigarsa na kwana uku a shekarar ba. Fiƙihu ya san irin wannan da sunan sulhu a kan musu, wato wanda ake ƙara ya biya alhali yana ƙaryata da'awar, kuma Malikiyya da Hanafiyya sun halatta shi, Shafi'iyya kuwa ba su yarda da shi ba. Lauya wakili ne, wakilci kuma amana ce, saboda haka idan uwar da ta rasa ɗanta ta gaji da shekarun shari'a ta zaɓi ta karɓi diyya ta koma gida, ba shi da ikon riƙe ta a kotu domin ya samu hukuncin da zai kafa tarihi, ko da yana ganin hukuncin zai ceci dubban yara, domin yin haka mayar da ita makami ne, abin da yake zargin kamfanin da yi wa masu amfani da dandalinsa. Amma malamai sun kuma raba haƙƙin ɗan Adam, wanda mai shi yake iya yafewa ko sasantawa, da haƙƙin Allah, wanda suke nufin maslahar jama'a da shi, wanda ba mutum guda da yake da ikon sayar da shi. Diyya haƙƙin wanda aka cuta ce, sanin yadda na'urar take aiki da gyara ta kuwa haƙƙin duk wanda zai buɗe waya gobe ne, kuma sulhun da ya ƙunshi rufe takardu da ɗaure bakin shaidu yana cinikin haƙƙi na biyu da kuɗin na farko. Wannan ne ya sa masu ƙarar Nairobi suka haɗa buƙatu iri biyu a takarda guda, asusun biyan waɗanda aka cuta a gefe ɗaya, sauya algoridim da ƙara yawan masu tacewa a ɗaya gefen, kuma shigar cibiyar Katiba cikin masu ƙara, wadda ba ta da mamacin da za a biya ta diyyarsa, tana nufin akwai wanda zai ci gaba da neman buƙata ta biyu ko da iyalan sun karɓi ta farko.